Ruwan Rima Wane Ruwa Ne?

Na gan ku. Tun ba ku gama karanta kan maganar ba wasu sun taɓe baki, wani kuma ya gyara zama ya ce a ransa, "Yau kuma mai fenti ne ya samu alƙalami." E, ni ne. A Gesse nake zaune, cikin Birnin Kebbi, kuma sana'ata fenti. Ba na ƙofa da taga nake nufi ba, ko da yake in wata ya yi nisa ina karɓar wannan ma, har da rubuta "Ba a fitsari a nan" a bangon mutane, tunda tukunya ba ta san fasaha ba. Aikina na ainihi shi ne in ɗaure yadin akoko a jikin katako, in shafe shi da farin fenti da gam, in yi kwanaki ina ɗora masa launi, sannan in jingina shi a zaure, jama'a su zo su karkata kai kamar kaza ta hango shirwa, su tambaye ni ina ne samansa, ina ne ƙasansa.

Sarkin masu karkata kan nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, manomin shinkafa a fadama. Ranar da ya fara ganin wani babban zane da na yi wata biyu a kansa, sai ya dogara sandarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wanga mi na, ɗana?" Na ce, "Gulbi na, Kawu." Ya ce, "Gulbi? Ni na aza kunun tsamiya ya zube maka bisa tsumma." Mutanen zaure suka kwashe da dariya, har da yaron da ke wanke mini burushi, wanda ni nake biyansa.

Ku ma ku yi taku dariyar, ban hana ba. Amma kafin ku rufe baki ku amsa mini wannan: gulbi wane launi gare shi? Kar ku wahalar da kanku da tunani, na ga amsar a leɓenku. Shuɗi. To wa ya gaya muku? Ku da kuka tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ko Augie, ku dafa ƙirji ku faɗa mini ranar da kuka ga Rima shuɗi. Littafin firamare ne ya gaya muku, kuma wanda ya zana hoton cikinsa bai taɓa nutsa ƙafa a lakar fadama ba. Ni ma haka aka gaya mini. Ina aji uku malaminmu ya ce kowa ya zana ƙauye da rafi. Na ɗauki kala mai ruwan ƙasa na cika rafina taf, domin ranar Asabar ɗin da ta wuce na raka innata wanki bakin gulbi, kuma abin da idona ya gani ke nan. Malam ya ɗaga takardata ya nuna wa aji, ya ce yaron nan hanya ya zana ya ɗora mata kwalekwale. Na sha bulala uku, na koma na mulke rafin da shuɗi, aka ba ni maki. Allah ya jiƙan malam, shi ya koya mini tarawa da ɗebewa, amma ranar nan ni ke da gaskiya, kuma yau shekara talatin ke nan ina rama bulalar da burushi. Don haka da Kawu ya ce kunun tsamiya, yabo ya yi mini bai sani ba. Wata biyu na yi ina neman kunun nan.

Ku lura da wani abu a harshenmu. In Bahaushe zai faɗi launi, ruwa yake kira: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan hanta, ruwan ƙwai, ruwan zuma, har da ruwan omo da zamani ya kawo mana. Ba mu cika barin launi ya tsaya shi kaɗai ba, sai mun jingina shi da wani abin da ido ya sani, kamar an jiƙa abin a ƙwarya an tace. To in kowane launi ruwan wani abu ne, shi ruwan kansa ruwan mene ne? Tambayar da na ɗora wa kaina ke nan, kuma duk abin da ake kira salona daga cikinta ya fito. In kun ce ina ruwanku, na ji, amma kun ga ko a nan ma ba ku tsallake ruwan ba.

A tsakiyar damina, in wanda ya gangaro ta Goronyo ya haɗu da wanda ya biyo ta Bakolori, suka kwaso jar ƙasar Zamfara da ta Sakkwato suka nufo mu, gulbi kunu ne sak, mai kauri, har ka ji kamar ka kawo ludayi. Da kaka, in ya fara kwantawa, sai ya koma kamar shayin da mai shayi ya ɗiga wa madara ya fasa. Da hunturu, ranar da hazo ya sauka, babu gulbi babu sama, duk sun zama toka ɗaya, mai kwalekwale na tafe a tsakani kamar an rataye shi da zare. Da bazara yakan janye ya bar tafkuna, bakinsu kore-kore da gansakuka, tsakiyarsu kamar tsohuwar tasar tagulla da aka daɗe ba a goge ba. Akwai kuma wani ɗan lokaci a la'asar sakaliya, bai kai tsawon shan kofin shayi ba, da fuskar ruwan gaba ɗaya ke rikiɗa ta zama ruwan goro, irin na bakin tsohon da ya yini yana tauna. Wannan na fi shekara goma ina binsa, har yau ban kama shi ba. In na haɗa launin ya yi zafi sai ya zama manja, in na rage sai ya zama tsatsa. A ambaliyar 2020 kuwa, wadda ta cinye shinkafar jihar nan har da ta Kawu, na ga wani launin da ba na fatan in sake gani: kunun ne dai, amma kan shinkafa kore shar na leƙowa ta cikinsa iya ganin ido. Na zana shi sau ɗaya, na juya fuskarsa bango, yana nan a haka.

Wani a cikinku ya ce, wato kai gulbi ɗaya ka tasa gaba kana ta maimaitawa kamar almajirin da ya kasa wuce allonsa. Haka ne, kuma ina da abokin zama a ajin. Wani mai zane ɗan Faransa, Claude Monet, ya tasa babban cocin garin Rouen gaba tsakanin 1892 da 1894, ya zana fuskarsa sau talatin ko fiye, da safe, da rana tsaka, da yamma, cikin hazo, don ya ga abin da haske ke yi wa dutse. Shi ma bai tsira daga irinku ba. A 1874 wani ɗan jarida ya je baje kolin Monet da abokansa a Faris ya yi musu ba'a cewa ayyukansu ba su ƙarasa ba, shafe-shafe ne kawai, ya laƙaba musu suna don izgili, sunan ya bi su, yau da shi ake alfahari a makarantun zane na duniya. Ku yi hattara da irin sunan da za ku laƙaba mini, kada jikokinku su zo suna haddace shi don cin jarrabawa.

Ga yadda nake aiki, ga mai cewa wasan yara ne ya zo ya gwada. Bayan sallar asuba nakan hau babur in gangara fadama. Ba na riƙe takarda, ba na riƙe fensir. In fensir na hannu, hannu ne ke aiki, ido ya yi ta gyangyaɗi, shi kuwa hannu maƙaryaci ne, abin da ya saba kawai yake maimaitawa. Sai in samu kan kunyar wani in zauna, in yi ta kallo har rana ta fara cizo. Abin da nake komowa da shi gida laka ce a leda, wani lokaci ƙulli uku ko huɗu daga wurare daban-daban. In na dawo sai in shafa kowace a gefen katako, rabi a jiƙe, rabi in bar shi ya bushe, in yi ta haɗa launi har ya yi daidai da ita. Jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi ni nake daka su in tankaɗe, in kwaɓa da ƙaro yadda almajirai ke haɗa tawada. Makuba, ruwan kwasfar ɗorawar nan da magina ke shafe bango da daɓe da shi, ita nake fara shimfiɗawa ta bushe kafin fenti ya hau, domin ban samu abin da ya kai ta ba da duhun gindin ruwa ba. Fentin kanti ma ina saye, na mai, a 'yan bututu kamar man goge baki, kuma tsadarsa ta koya mini tsimi. Shuɗin da na saya shekara biyar da suka wuce har yau bai kai rabi ba. Matata ta ce shi kaɗai ne abin da ke auki a gidan nan.

Yanzu bari mu je Argungu, don na san can kuke jirana. Duk mai zanen da ya fito daga Kabi, abin da za a fara tambayarsa shi ne, ina hoton su? Bikin kamun kifin nan da aka faro a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabawa da Sakkwato, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya riga ya samu hotonsa guda ɗaya da kowa ya haddace: ƙato ya rungumo giwan ruwa, yana washe haƙora. Shi ne a kalanda, shi ne a bangon otal, shi ne a bayan littafin rubutu. A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, ina tsaye a bakin Matan Fada. Kifin da ya ci gasa kilo 78 ne, kuma wallahi ban gan shi ba, masu kyamara sun rufe shi kamar ƙuda a kan mangwaro. Abin da na gani daban ne. Na ga shirun da ke sauka kafin a ba da alama, dubban mutane sun jeru, kowa da gora da homa, ba mai motsi. Sannan na ga gaɓa ta tsage ta zube cikin ruwa gaba ɗaya. Daga inda nake babu fuska ko ɗaya, sai goruna birjik suna tsalle kamar gero a bakin turmi, da bakunan homa suna buɗewa suna rufewa, masu kalangu a kwalekwale suna ratsawa, ruwan kuwa kafin ka ƙirga ɗari ya tashi daga shayi ya koma laka.

Haka na zana shi. Kowace gora da babban yatsana na dangwala ta, na fi sati ina dangwale har farcena ya rine. Homa kuwa da tsinken tsintsiya na karce ta a kan ɗanyen fenti. Babu kifi a zanen ko ɗaya. Wani Alhaji da ya zo saye ya zagaya shi ya ce, "To ina kifin?" Na ce, "Ranka shi daɗe, yana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa suke nemansa." Bai saya ba. Ya tafi ya sa wani ya zana masa ƙato da giwan ruwa, an kuma sa wa ƙaton fuskar Alhajin.

Ina jin gyaran murya daga can gefe. Allah shi gafarta Malam, na san inda za a dosa. Na san hadisan da suka yi magana a kan masu sura, na kuma san malamai sun yi dogon bayani a kan mai rai da marar rai, mai inuwa da marar inuwa, kuma ba duka suka tsaya wuri ɗaya ba. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa da burushi ba. Abin da na zaɓar wa kaina tun ina saurayi shi ne ba na zana fuska. Da farko na ɗauka takunkumi na sa wa kaina. Daga baya na gane rashin fuskar ne ya tilasta mini koyon abin da masu fuska ba su damu da shi ba: yadda za ka gane mai dashen shinkafa daga lanƙwasar inuwarsa a ruwa, yadda za ka san kwalekwale ya yi lodi daga layin da ya bari a bayansa. Ka ga in na ce tsoron Allah ya gyara mini salo, ba tsoron Malam ya sa na faɗa ba.

Sai kuma babbar tuhuma, wadda aka fi jifana da ita a majalisar shayi: wai wannan aikin Turawa ne, mu ba mu gada ba. Mai faɗin haka yana sanye da babbar riga mai aska takwas, wadda wani ya yi watanni yana zana ta da allura. A kansa hula ce da ya yi rabin sa'a a kasuwa yana zaɓe, yana cewa wannan zanen ya cika hayaniya, wancan bai fito ba. A ɗakinsa akwai allon zayyanar da aka yi masa ranar saukar karatu, ja da ɗorawa da kore, gida-gida, babu kusurwar da ta kauce. A ƙofar gidan kakansa akwai dagi da magini ya fitar da hannu a ɗanyen yaɓe. Matarsa ta yini jiya da ƙafa a leda saboda lalle, kuma in mai lallen ta karkace layi ɗaya har gobe ana maganar. Ƙwaryar furarsa ma sassaƙaƙƙiya ce. Wannan mutumin, da zane ya kewaye shi tun daga kai har tafin ƙafar iyalinsa, shi ne ke gaya mini bai san zane ba.

Kuma ku daina cewa ba mu da idon launi. Ku je hawan salla ku tsaya kusa da tsohon bafade ku ce "ga wani farin doki," ku ga irin kallon da zai yi muku. A wurinsa akwai kili, akwai gunya, akwai bidi, akwai hurde, akwai danda, akwai akawal, kowanne da sunansa, ba ya haɗa wannan da wancan. Bafulatani ya san jan rahaji daban da farin bunaji tun daga nesa. Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara har Turai ta ɗauki sunan Maroko, ja ce irin tata, dillalin fata ba ya rikita ta da wata. Albasar Aliero kuwa in aka baza ta a rana, ku gaya mini sunan launinta in kun isa. Ido muna da shi. Abin da ya faru shi ne an kai mu aji an ba mu kwalin kala goma sha biyu aka ce duniya ke nan.

Wannan rigimar ma an riga an yi ta a Zariya tun kafin a haife ni. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa na koya musu zane irin na makarantun Ingila, su kuwa suka ce za su karɓi dabarar, amma abin da za su zana da yadda za su zana shi daga gida zai fito. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya rungumi shuɗi har aka san shi da shi, kuma ban yi masa gardama ba, mutumin Legas ne, yana da teku da kampalar matan Yarabawa a gabansa. 'Yan tawayen Zariya aka riƙa kiransu. Abin da ke ba ni haushi da dariya lokaci ɗaya shi ne, su baƙi ne suka zo Arewa suka tuna da bangon kakanninsu, mu kuwa da muke kwana cikin bango mai dagi muna jiran a kawo mana salo a jirgi. Kanawa su yi haƙuri, a wannan karon Zazzagawa sun riga su, amma su ma suna da abin nunawa: duk mai neman shuɗi na gaskiya ya tafi marinar Ƙofar Mata, can yake, a cikin rami, ba a gulbi ba.

Wanda ya fi kusa da zuciyata kuwa ɗan Sudan ne, Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin allo. Ya je Landan ya yi karatun zane, ya dawo Khartum ya baje kolin irin abin da ya koyo, mutanen gari suka ƙi zuwa. Maimakon ya ce jahilai ne, irin yadda nake ce muku a raina wani lokaci, sai ya shiga gidajensu ya duba abin da suke ratayewa a bango, ya tarar rubutun Larabci ne da ado irin na gida. Ya koma ga baƙaƙen da ya koya a allon mahaifinsa, ya yi ta jan su yana lanƙwasawa har suka zama nasa salon, da launukan ƙasar garinsu. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje ayyukan rayuwarsa. Ɗan makarantar allo ne fa. In kun haɗu da almajiri yana ƙawata gefen allonsa maimakon ya yi tilawa, ku rage ƙarfin dorinar.

Mai cewa waya ta kashe sana'ata, ya ɗauki wayarsa ya je bakin gulbi da hunturu ya ɗauko hazo. In ya dawo da wani abu da ya wuce farin allo da ɗigo a tsakiya, na ba shi burushina.

Kuɗi fa? Na san tun ɗazu shi ne a ranku, kunya ce ta hana ku farawa da shi. A 2018 an sayar da wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a Landan kan fam miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, bayan ya yi shekaru yana rataye a wani ɗan gida ba a san inda yake ba. Na ba Kawu wannan labari ina hura hanci. Ya yi lissafi da yatsu ya ce, "Shi mai zanen ya ci kuɗin?" Na ce ai ya rasu tun 1994. Ya ce, "To ka gani." Ban sake kawo masa misali daga waje ba. Ni dai ina sayarwa jefi-jefi, yawanci ga 'yan Kabin da aiki ya kai Abuja ko Legas, waɗanda in suka tsaya gaban kunun nan sai su yi shiru, su ce ya tuna musu gida. Su ba sa tambayar ina samansa.

Akwai masu tambayata a asirce, murya ƙasa-ƙasa, ko 'yan ruwa ne ke ba ni. Wata tsohuwa a unguwarmu ta daina aiko jikanta ɗiban wuta gidana tun da ta ji ina zuwa bakin gulbi da asuba ni kaɗai. Inna, ki kwantar da hankalinki. In akwai abin da ke zuwar mini a bakin ruwa, sauro ne, kuma ba ya kawo ilhama, zazzaɓi yake kawowa. Ilhamar da nake samu ba ta da wani sirri: in na zauna na gaji da zama, na daina neman abin zanawa, sai wani abu ƙanƙani ya motsa, balbela ta tashi ta bar zobe a ruwa, ko injin ban ruwa ya tofa farin kumfa a cikin jar kwata. Wani lokaci kuma a gidan tarihi na Kanta nake samu, tsohuwar fadar Argungu da aka mayar gidan tarihi a 1958. Mutane na kallon takubba da tambura suna jin labarin Kanta da Surame, ni kuwa ina can na ƙura wa fatar wani tsohon tambari ido, ina tunanin makuba nawa da jar ƙasa nawa za su ba ni wannan tsufan. Mai gadi ya taɓa tambayata ko lafiya.

Mai sukar da na fi tsoro bai taɓa shiga aji ba. Wani dattijo ne Basarke da ke kawo wa maƙwabcina busasshen kifi daga wajen Argungu. Ranar nan ya tsaya a zaurena yana jiran canji, idonsa ya faɗa kan zanen gorunan. Bai karkata kai ba. Ya matso, ya kai yatsa kusa da yadin bai taɓa ba, ya ce, "Wanga Matan Fada ta, kuma ruwan bai kai ƙirji ba." Na ce haka ne, Baba. Zuciyata ta yi fari, na fara gyara tsayuwa don Kawu na zaune yana ji. Sai ya nuna kusurwar hagu, inda na tara goruna sun fi ɗari saboda wurin ya yi mini fili, ya ce, "Amma waɗanga da ka tara nan wawaye na. Ruwa mai wanga haske tudu na, ko karfasa ba ta kwana nan. Kifi na can inda ka sa duhu, kuma ba ka kai kowa ba."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Dattijon ya karɓi canjinsa ya tafi. Ni kuwa da dare na kunna fitila, na ɗauko wuƙar kankare fenti, na kwashe mutum ɗari daga tudu na mayar da su gindin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, da babban yatsa. Ya ce zai dawo ranar kasuwa ya duba.